Littafin da Ba Ya Neman Sabis

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Da ƙyar na gama sakandare, na buɗe rumfar cajin waya da ƙananan gyare-gyare a bakin tasha a Birnin Gwari. Ina da halaye biyu da nake roƙon Allah Ya raba ni da su: ba na sauraron magana har ƙarshe, kuma ina son a ce na iya. Duka biyun na tafi da su Indiya, babu ma'aikacin jirgin da ya ce kayana sun yi nauyi.

Na sauka a Delhi da tsakar rana, cikin wani zafi da ya sa na nemi gafarar bazarar garinmu kan duk zagin da na taɓa yi mata. Dillalin da ya shirya mini tafiyar a Kaduna ya nuna mini hoton makarantar koyon gyaran kwamfuta: bene mai gilashi, ga ciyawa shar, ga ɗalibai suna dariya. Ya ce mota za ta zo ɗaukata, da sunana a jikin kwali. Na tsaya ina karanta kwalayen mutane ɗaya bayan ɗaya har na gaji da tsayuwa. Babu Isiyaku ko na kuskure.

Na fita na tari a-daidaita-sahu, domin su ma suna da shi, har ya fi namu yawa. A nan na ce bari in nuna wa direban Indiyancin da na tsinta a fina-finai tun ina yaro. Sai da na buɗe baki na gane cewa duk abin da na iya soyayya ce da alwashin ɗaukar fansa. Babu "ina hanya" a ciki, babu "rage mini". Direban ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya kira ni ɗan'uwansa, sannan ya yi ta zagaye da ni unguwa ɗaya. Sai da na ga wata saniya mai karyayyen ƙaho a karo na uku na san ana shan romona.

Makarantar kuwa ɗaki ɗaya ce a saman shagon mai sayar da tayoyi. Ciyawar cikin hoton ta wani lambun gwamnati ce, daga baya na je na gan ta, muka gaisa. Ɗakin kwanan ɗalibai da aka yi mini alkawari babu shi. Amma in faɗi gaskiya, malamin ya san aikinsa. Yana kallon allon cikin kwamfuta kamar yadda mahauci ke kallon akuya, ya san inda komai yake kafin ya taɓa. Saboda shi na haƙura. Na kwana 'yan kwanaki a barandar wani masallaci, jakata ce matashina, ina cin burodi da shayi mai citta saboda miyarsu ta hana cikina zaman lafiya.

Wata rana na shiga kemis neman maganin gudawa, sai na ji wani a bayana yana waya: "To ki ce wa Mama ta bari sai an yi ruwa na biyu kafin ta shuka." Daga nan ya juya harshe zuwa Gwaranci. Ban san lokacin da na riƙe masa riga ba.

"Bawan Allah, daga ina?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai fa daga ina, da za ka yaga mini riga?"

"Birnin Gwari."

"Ƙarya kake!" Ya kashe wayar bai yi sallama ba. "Ni daga wajen Saminaka nake. Tamu fa, ba ta Lere ba."

Sunansa Bulus. Ya girme ni da 'yan shekaru, yana yi wa marasa lafiya 'yan Najeriya tafinta a wani asibiti. A ranar ya kwashe ni da jakata zuwa ɗakinsa. Ya tuƙa tuwon garin alkama, ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin gado ya ɗebo kuka da daddawa kamar mai fito da zinari. Na kai lomar farko, sai hawaye. Ya ce, "Isiya, in kuka za ka yi, matsa can. Gishirin miyar ya isa."

Da damina ta faɗi a can, mukan zauna a bakin taga mu yi ta ƙirga abin da babu: ƙamshin ƙasa ta wajen dajin Kamuku in an yi ruwan farko, zumar daji, ɗinya, masara gasassa a bakin tasha. Ni in yi salla, shi ya rage rediyo. Ran Lahadi in ya dawo coci ya same ni na yi shara, ya ce ashe Bahaushe ma yana ganin datti.

Ana haka saƙon Rabi ya shigo. Rabi ƙanwata ce, ita ce mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Ta yi digiri a lissafi, ta dawo gida tana koyarwa a wata sakandare. Sabis a wajenmu sai ya ga dama. In tana son magana da ni sai ta hau wani dutse a bayan makarantarsu ta ɗaga waya sama, ta naɗi murya ta tura, ta sauko. Amsata kuma sai ranar da ta sake hawa.

"Yaya, ina wuni, ya baƙunta? Inna tana gaishe ka, ta ce ka rinƙa cin abinci. Yaya, wata dama ce ta samu. Wani banki zai ɗauki waɗanda suka karanta lissafi ya horar da su, akwai jarrabawa bayan babbar salla. Lissafin ba ya ba ni tsoro. Amma sai mutum ya iya rubuta wa kwamfuta umarni ta yi lissafin kasuwa da kanta. Ka ga kamar a yi ciniki yau kan farashin da za a sayi masara da kaka, alhali ba wanda ya san yadda kasuwa za ta kasance. To akwai yadda ake sa kwamfuta ta gwada abin sau dubbai, ta ce ga abin da cinikin ya cancanta, ga kuma haɗarin da ke ciki. Kafin ka fara wa'azi, bankin ba ya harkar kuɗin ruwa. Littafi nake so, guda ɗaya mai kyau. Na aika Kaduna da Zariya ba a samu ba. Kai kana inda suke, za ka iya buɗawa ka gani. Amma Yaya, ka lura..."

Nan na kashe. Saƙon yana da saura, amma na riga na ji abin da nake so: Rabi mai digiri tana neman taimakona a kan littafi. Kaina ya kumbura har hula ta matse ni.

Bulus ya ce akwai wani dattijo, Baba Tanimu, mutumin wajen Funtuwa da aka yi wa aikin gwiwa, zai koma gida ƙarshen mako. Ya yarda ya tafi da saƙon, amma littafi ɗaya tak, domin magunguna sun cika masa jaka. In ya wuce, ba mu san wani mai tafiya ba sai bayan salla, lokacin an gama jarrabawar.

Washegari na tsaya wajen wani mai shimfiɗa littattafai a bakin titi. Na ce masa banki, lissafi, kwamfuta. Ya zube mini guda huɗu. Na yi abin da na saba yi in an aike ni kasuwa: na ɗaga kowanne na ji nauyinsa, na ɗauki wanda ya fi rinjayar hannu. Bangonsa baƙi da rubutun ruwan zinari. Na rungumo shi kamar jariri.

Bulus ya karɓa, hannunsa ya yi ƙasa. "Isiya, littafi aka aike ka ko doya?"

"Kai me ka sani? Ilimi ne a ciki."

"In Baba Tanimu ya ɗauki wannan, sai an sake masa ɗaya gwiwar."

Na ɗauki hotunan wasu shafuka na tura wa Rabi, na zauna jiran yabo. Da ta hau dutse, ga abin da ya zo: "Yaya, Allah Ya saka da alheri. Amma ka ji saƙona har ƙarshe kuwa? Wannan hujjojin lissafi ne zalla, babu layi ɗaya na umarnin kwamfuta. Kuma shafin da ka turo na uku da na biyar abu ɗaya ne, ka duba ko bugun jabu ne."

Na duba. Babi guda an maimaita shi, wani babin kuma babu shi sam. Allah Ya yafe mini, maimakon in ji kunya sai na ji haushi. Na naɗi wata murya mai zafi, na ce mutum yana wahala a ƙasar mutane ana raina masa ƙoƙari. Bulus ya fizge wayar kafin in tura. Ya koma saƙonta na farko ya kunna daga inda na tsaya, ya riƙe mini a kunne kamar mai ba yaro magani. Abin da ta ce a lura da shi uku ne: ya zama akwai misalan umarnin a rubuce, akwai aikin gwaji a ƙarshen kowane babi, kuma akwai amsoshi, domin ba ta da malamin da za ta tambaya. Na goge muryata.

Na koma wajen mai bakin titi, na tarar da mai sayar da silifa a gurbinsa, ya rantse bai taɓa ganin littafi a unguwar ba.

Ranar da ta rage kwana ɗaya Baba Tanimu ya tashi, Bulus ya nemi hutun yini ya raka ni tsohon gari, wani lungu da babu komai sai shagunan littattafai, an jera su har rufi. Muka shiga na wani tsoho mai farin gemu da tabarau a kan hanci. Bulus ya yi masa bayani da Turancinsa mai kyau. Tsohon ya hau tsani ya rinƙa miƙo littattafai har suka yi tsibi a kan tebur. Na tsaya ina kallonsu. Duk kamarsu ɗaya a idona, sai launin bango. Hannuna ya fara ƙaiƙayin ɗagawa, Bulus ya taka mini ƙafa.

Wata mata da ke duba littattafan yara a gefe ta juyo. Ta ce ta ji abin da muke nema, kuma wannan shi ne aikinta a wani banki. Sunanta Madam Kabita. Ta tambaye ni waye zai karanta, na ce ƙanwata. Ta tambaye ni daga ina muke. Nan halina na biyu ya motsa. Na ce daga wani babban birni, cibiyar kasuwanci, akwai zinari a ƙasarmu, akwai gandun daji da Turawa ke sha'awa, babu abin da muka rasa. Bulus ya kama tari.

Ta tura tsibin gefe ta zaro wani sabon littafi siriri mai launuka. Ta ce shi ne wanda kowa ke amfani da shi yanzu, yaren kwamfutar da ke ciki mai sauƙi ne, akwai gwaji, akwai amsoshi. Duka sharuɗɗan Rabi sun cika. Na sa hannu a aljihu. Sai ta ce bari ta nuna mini daɗinsa, ta fito da kwamfutarta daga jaka ta buɗe a kan tebur.

"Ka gani, ba sai ta wahala da kwafa ba. Littafin yana ba da rabin umarnin ne, sauran yana intanet. Ta danna nan, ya sauko. Farashin kasuwa ma da kansa yake jawowa, na yau ɗin nan."

Na ga 'yar da'irar nan tana juyawa a allo kafin abin ya buɗe. Na san da'irar nan. A rumfata na sha ganin mutum ya zauna yana kallonta har a kira la'asar. Na tuna kwamfutar Rabi, domin ni na haɗa mata ita daga gawarwakin wasu guda biyu, batirinta ba ya kai wa ko'ina. Na ga Rabi a kan dutse, rana tana dukanta, hannu ɗaya riƙe da kwamfuta, ɗaya da waya a sama.

Kuma yanzun nan na gama cewa babu abin da muka rasa.

Wallahi na so in biya in fita da mutuncina. Har na ce a raina Rabi ai mai wayo ce, za ta san dabara. Na dubi Bulus, ya kawar da kai yana karanta bangon wani littafin girki. Bai taimake ni da ko tari ba.

Na ce, "Madam, in babu sabis fa?"

"Sai ta shiga shagon shayi mai intanet."

"Babu."

"To ta haɗa da wayarta."

Na cire hannu daga aljihu. Da guntun Turancina, Bulus yana cike gurbi, na faɗa mata yadda abin yake: sabis sai a kan dutse, shi ma ba kullum ba, wuta takan yi dogon bulaguro ba sallama, caji sai a rumfar mai sola. Na ce birnin da na faɗa ɗazu yana nan, amma na ɗan ƙara masa gishiri.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To ai tambayar ta canza." Ta kashe sabis ɗin kwamfutarta, ta zare caja, ta naɗe hannun riga. "Yanzu muna garinku. Miƙo su ɗaya ɗaya."

Ta buɗe sabon littafin nan a tsakiya, ta kwafi misali, ta danna. Jan rubutu ya cika allo. Ta ajiye shi. Na biyu ya fara da cewa a je a sauko da wasu kaya tukuna. Na uku ya yi tafiya kaɗan, sannan ya nemi farashin kasuwa daga waje ya tsaya cak. Tsohon mai shago ya bar sauran masu saye ya zo ya tsaya a kanmu. Can ya yi wata magana da yarensu, ya ja tsaninsa zuwa ƙuryar shago, ya sauko da wani littafi mai bango ruwan ƙasa, takardunsa sun fara ja. Ya busa ƙurar ya ajiye.

Madam Kabita ta dafe goshi. "Wayyo, wannan! Da shi aka koya mana. Na tsane shi. Ba ya ba ka komai a dafe, sai ka gina kowane abu da hannunka, tun daga yadda kwamfuta za ta jefa ƙuri'a. Yarensa ma mai taurin kai ne."

Amma ta buɗe. Kowane umarni yana nan a rubuce daga farko har ƙarshe, babu "sauran yana wani wuri". Lambobin gwaji suna ciki. Amsoshi suna baya. Ta fara bugawa, ta yi ta bugawa, mu uku mun yi cirko-cirko. Sai tsohon ya miƙa hannu ya kashe fanka da fitilar shagon. Ya ce wa Bulus, tunda gwaji ake, a yi shi sosai, a ɗauke wuta kamar can.

Muka fashe da dariya, gumi yana zuba. Cikin duhun nan ta danna. Allon ya yi ɗan jim, sai lambobi suka fara gangarowa, fari tas, babu ja ko ɗaya. Ni da ban san ma'anar ko guda ba, na yi kabbara har mai shagon maƙwabta ya leƙo.

Ta gaya mini gaskiya, ba ta ɓoye ba. Ta ce salonsa tsoho ne, akwai sababbin dabaru da babu a ciki, kuma Rabi za ta sha wuya. Amma tushen bai canza ba, wanda ya gama da wannan, sababbin ba za su ba shi tsoro ba. Ta karɓi ɗan katin ajiyar wayata ta zuba mini manhajar da ke sa yaren ya yi aiki ba tare da intanet ba. Na manne shi da salatif a cikin bangon littafin. Na ce mata ban san yadda zan gode ba. Ta ce in gaya wa ƙanwata, in ta kai babi na bakwai ta ji tana son jefar da littafin a rijiya, to lafiyarta ƙalau, kowa haka ya ji.

Baƙin littafin nan na farko kuwa, Bulus ya ɗora risho a kansa, ya ce bai taɓa samun abin da ya daidaita masa tukunya haka ba.

Baba Tanimu ya juya saƙon a hannunsa ya ce, "Ɗana, duk sababbin kayan Indiya, wannan tsohon ka samo? Ko gwanjo ne?" Na ce ya dai taimaka, Baba. Ya cusa shi tsakanin magunguna. Daga Funtuwa ya ba wani direban da ya sani, direban ya jira ranar da motoci suka taru suka shiga hanya tare, ya kai har ƙofar gidanmu.

Saƙon Rabi na farko gajere ne. "Yaya, ya iso, na gode. Amma littafin nan ya kusa girme ni." Wannan karon na saurara har ƙarshe, babu dai abin da ya biyo baya. Na biyu ya zo bayan makonni: "Yaya, wanda ya rubuta littafin nan ba ya tsoron Allah." Daga nan shiru. Na kammala rabin karatuna, na fara gane allon kwamfuta, salla ta zo muka ci naman kaza ni da Bulus muna kiransa rago. Kullum in duba waya. Wani lokaci in ce da na sani na ɗauki mai launukan nan, ko banza ta ga abu mai kyau.

Ina cikin aji da rana, na sa kai a kan wata kwamfuta, wayata ta yi ƙara. Na fita baranda, ƙarar masu tayoyi tana tasowa daga ƙasa, na manna ta a kunne. Iska tana bugun muryarta, na san tana kan dutse.

"Yaya! Yaya, sun ɗauke ni! Da suka ga abin da na rubuta sai ɗayansu ya yi dariya, ya ce wa ya koya mini irin rubutun kakanni. Na ce yayana ne ya zaɓo mini littafi. Sai ya ce in bayyana masa layi ɗaya. Na bayyana. Ya nuna wani, na bayyana. Yaya, ai babu layin da ban buga da yatsuna ba, wasu har sau ba adadi. Ya yi ta nunawa har ya gaji." Ta tsaya tana haki. "Ga Inna, ta ce sai ta hau da kanta. Inna, a hankali! Riƙe nan."

Sai muryar Inna, tana magana da ƙarfi kamar Indiya a tsallaken rafi take: "Isiyaku! Allah Ya yi maka albarka. Na gaya wa duk unguwa kai ka koya mata. Ka ci abinci."

Na tura amsa na ce a gaya wa unguwa gaskiya, ni ko shafin farko ban gane ba. Rabi ta ce ta isar, Inna ta ce wannan kunya ce irin ta masu ilimi, kuma ba za ta sake hawa dutse don a ƙaryata ta ba.